Gona Da Lambu: Kakakin Mala'ika, Ɗan'uwan Zaƙami

Duk wanda ya tashi a ƙasar Katagum ya san zaƙami. Da zarar damina ta zauna sai a gan shi ya tsiro a kan juji, da gefen makwararar ruwa, da cikin tsofaffin kangaye, tun daga unguwannin Azare har zuwa garuruwan da ke bakin Kogin Jama'are. Ba mai shuka shi, ba mai ba shi ruwa, amma sai ya yi kore shar, ya fid da farin fure mai kama da bakin kakaki, daga baya kuma ya yi 'ya'ya masu ƙaya. Iyaye kuwa tun zamanin da sukan ja kunnen yara a kansa, gama sunansa na biyu, watau haukata-yaro, ya isa gargaɗi ga mai hankali.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, zaƙami yana da ɗan'uwa a ƙasashen ƙetare wanda ake saye da kuɗi, a kai gida a yi ta tarairaya saboda kyan furensa da ƙanshinsa. Turawa suna kiransa da wani suna mai ma'anar "kakakin mala'ika", masana ilmin tsirrai kuma suna ce masa Brugmansia. Yanzu da sha'awar dashen furanni take ƙaruwa a gidajen ma'aikata da harabar makarantu da ofisoshi, ga kuma hotunan lambunan duniya suna yawo a wayar hannu, ba wuya magidanci ya gan shi ya yi sha'awa, ya sa a nemo masa. Kafin ya kashe kuɗinsa ya kamata ya san amsar tambaya biyu. Ta farko, shin wannan shuka za ta jure zafin ƙasa irin ta Katagum? Ta biyu, shin ta dace da gidan da yara suke?

Amsar ta farko ita ce za ta jure, muddin an ba ta inuwa da ruwa da taki bisa ƙa'ida. Amsar ta biyu kuwa ta fi nauyi, domin dafin da ke jikin zaƙami shi ne a jikinta, ba ragi. Wanda ya dasa ta ya ɗauki hidima, ya kuma ɗauki amana.

Asalinsa da danginsa

Kakakin mala'ika ɗan asalin Kudancin Amurka ne. Iri bakwai masana suka tabbatar, mafi yawansu daga jerin duwatsun Andis, ɗaya kuma daga dazuzzukan gaɓar teku na kudu maso gabashin Barazil. A shekarar 1805 aka raɗa masa sunan wani shehun malami na ƙasar Holan, Sebald Brugmans. Duk da haka an daɗe ana haɗa shi da zaƙami a ƙarƙashin suna ɗaya, watau Datura, sai a 1973 binciken wani masani mai suna Tom Lockwood ya raba su sosai da sosai. A 2014 kuma Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sa duk irin nan bakwai cikin jerin tsirran da suka ƙare a dajinsu na asali, watau ba a samunsu sai a lambuna da wuraren da ɗan Adam ya kai su. Wannan kaɗai ya nuna cewa shuka ce wadda ta saba da hannun mutum.

Shi da zaƙami duk 'yan gida ɗaya ne da tumatir da barkono da tattasai da gauta da dankalin Turawa da taba. Bambance su ba wuya. Zaƙami gajere ne, bai cika wuce ƙugu ko ƙirjin mutum ba, furensa yana kallon sama, 'ya'yansa kuma dunƙulallu ne masu ƙaya. Kakakin mala'ika kuwa ƙaramin itace ne mai shekaru, yakan kai mita uku ko fiye, furensa yana reto yana kallon ƙasa, 'ya'yansa kuma ba su da ƙaya. Tsawon furen yakan kama daga taƙi guda har zuwa rabin mita a wani irin. Akwai fari, akwai rawaya, akwai ruwan hoda da ruwan goro. Da rana ba ya wani ƙanshi sosai, sai almuru ta yi ya cika gida da shi, domin ƙwarin dare ne suke ɗaukar masa garin fure.

Masu lambu sun kasa irin nan bakwai gida biyu, na ƙasar ɗumi da na ƙasar sanyi. Na ƙasar sanyi, musamman mai jan fure da ake kira sanguinea, mazauninsa tuddai ne masu tsawon mita 2,000 zuwa 3,000. Azare kuwa wajen mita 400 take bisa teku. Wanda ya kawo wannan iri ƙasar Katagum ya yi asarar kuɗinsa, gama ko ya rayu ba zai yi fure ba. Irin da ya kamata a nema shi ne na ƙasar ɗumi, musamman ɗan Barazil ɗin nan mai farin fure da ake kira suaveolens, da sauran da aka haɗa auren iri da shi.

Inuwa kafin kome

Ko na ƙasar ɗumin ma, ɗumin da ya sani na daji ne mai laima da yawan ruwan sama. Ƙasar Katagum kuwa damina wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, sa'an nan hunturu ya biyo da busasshiyar iska, a cikin Afrilu da Mayu kuma zafi ya haura digiri 40 a ma'aunin santigiret. A wuri kamar Jos, mai tsawon wajen mita 1,200, shukar za ta sake ta yi yadda take so. A Azare ko Gamawa ko garin Katagum kuwa sai an yi mata dabara.

Littattafan lambu na Turai sukan ce a sa shi a tsakiyar rana. Wannan shawara ce ta ƙasarsu, inda rana ba ta da ƙarfi. A nan, wurin da ya dace shi ne inda zai sami hantsi daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, daga nan inuwa ta rufe shi har yamma. Gabashin katanga ko gabashin ɗaki ya fi. Yammacin katangar siminti kuwa shi ne mafi muni, domin tana shan rana wuni guda ta riƙa feso zafi har bayan magariba. Inuwar mangwaro ko darbejiya tana da amfani in ba ta yi duhu ƙwarai ba, amma saiwoyinsu sukan shanye ruwa da taki, saboda haka gara a ajiye shi cikin tukunya a ƙarƙashinsu maimakon a dasa a ƙasa. Ganyensa manya ne masu laushi, iskar hunturu tana yayyaga su tana busar da su, don haka zana ko katanga daga gefen arewa maso gabas tana taimako.

Tukunyar ƙasa babba, ko tsohuwar randa da aka huda gindinta, ta fi baƙar roba nesa ba kusa ba, domin baƙar roba tana dafa saiwa in rana ta doke ta. In rabin duro za a yi amfani da shi, a huda shi wuri da yawa, a shafa masa farin fenti. Akwai kuma dabarar nan ta tukunya cikin tukunya, wadda marigayi Malam Muhammad Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa don adana kayan miya, har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. In aka sa tukunyar shukar cikin wata wadda ta fi ta girma, aka cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, to, yayin da ruwan yake tsanewa zai riƙa sanyaya saiwar. Sai dai a tabbata ta wajen ma tana da mafitar ruwa.

Ƙasa da ruwa

Ƙasar jigawa ba ta riƙe ruwa, laka ta fadama kuma takan riƙe shi har saiwa ta ruɓe. Haɗa su ake yi: kashi ɗaya ƙasar fadama, kashi ɗaya yashi, kashi ɗaya ruɓaɓɓen takin gargajiya. A zuba 'yan katanga ko tsakuwa a gindin tukunya don kada mafitar ruwa ta toshe.

Shuka ce mai ƙishirwa ƙwarai. Babba a cikin tukunya yakan sha bokiti guda a rana da bazara, rabi da sassafe, rabi bayan la'asar. A garin da ake sayen ruwa a jarka daga masu kura, wannan lissafi ne da ya kamata magidanci ya yi tun kafin ya fara. Ruwan alwala da na wanke shinkafa ko hatsi suna da kyau, amma ban da ruwan wanki mai sabulun gari, gama gishirin da ke ciki yana ƙona saiwa. Da tsakar rana ganye yakan yi yaushi ko da ƙasa tana da laima, domin zafi ya fi ƙarfin abin da saiwa za ta iya turowa. Kada a yi gaggawar ƙara ruwa. A tura yatsa cikin ƙasa tukuna, in akwai danshi a bar shi, da yamma zai miƙe. Yawan ruwan da ya kwanta yana kashe shi kamar yadda ƙishirwa take yi.

Rufe fuskar ƙasa da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa yana rage tsanewar ruwa, yana kuma sanyaya ƙasa. A dai bar ɗan fili kewaye da gindin, a kuma riƙa dubawa saboda gara. Yayyafa ruwa a ƙasan da ke kewaye da tukunya da rana yana ƙara laima a iskar wurin.

Taki bisa ƙa'ida

Hausawa sun daɗe da sanin cimar wannan dangi. Ɗaya daga cikin sunayen zaƙami shi ne babba-juji, saboda ba inda yake girma kamar kan juji, inda shara da kashin dabbobi suka ruɓe. Dokta John Dalziel, wani likita ɗan Sikotlan da ya yi aiki a Arewa farkon zuwan Turawa, ya kuma tattara tsirrai masu yawa a ƙasar Katagum, ya kawo sunayen zaƙami a ƙamus ɗinsa na tsirran ƙasar Hausa da aka buga a 1916, shekarar da aka mai da mazaunin Sarkin Katagum zuwa Azare. Abin da zaƙami ke nema a kan juji, shi ne ɗan'uwansa yake nema a cikin tukunya, har ma ya fi, domin cikin furannin lambu kaɗan ne suka kai shi cin taki.

Tushen cimarsa takin gargajiya ne, na shanu ko na awaki, wanda ya shekara ko ya yi watanni ya ruɓe har ya koma kamar baƙar ƙasa. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi, yakan ƙone saiwa nan da nan, sai an bari ya ruɓe sosai. Kowane wata biyu a kwashe ƙasar saman tukunya kamar kaurin yatsa biyu, a maye gurbinta da sabon taki.

Sai takin zamani. Wanda manoma ke kira kamfa, mai lamba 15-15-15, ya wadatar. Lambobin nan uku suna nuna sinadari uku: na farko mai gina ganye, na biyu mai ƙarfafa saiwa, na uku mai taimakon fure da juriya. Ga babbar tukunya, cokalin cin abinci guda a shafe, kowane mako biyu ko uku, ya isa. A barbaɗa shi a gefen tukunya nesa da gindi, a rufe da ƙasa, a bi da ruwa. Kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi da yawa lokaci guda.

Akwai ƙa'idodi uku da zafin ƙasar nan ya wajabta. Ta farko, ba a sa takin zamani a busasshiyar ƙasa, sai an fara ba da ruwa. Ta biyu, in bazara ta tsananta a Afrilu da Mayu shukar takan tsaya cik ba ta girma, saboda haka ba ta iya cin abin da aka ba ta, sai ya taru kamar gishiri ya ƙone saiwa. A wannan lokaci a dakatar da takin zamani, a tsaya ga ruwa da inuwa, sai damina ta faɗi a koma. Ta uku, sau ɗaya a wata a kwarara ruwa mai yawa har ya riƙa fita ta gindin tukunya, don ya wanke gishirin taki da na ruwan burtsatse. Farin abu kamar kanwa a bakin tukunya, ko gefen ganye ya bushe kamar an babbake, alama ce ta cewa gishiri ya yi yawa.

Yuriya ita kaɗai ba ta da kyau gare shi. Takan sa ganye ya yi yabanya ya cika wuri, fure kuwa shiru, ga shi ganye mai laushi irin wannan shi ƙwari suka fi so. Toka ma a yi hattara da ita. Kaɗan tana da amfani, amma in ta yi yawa takan canza ƙasa har saiwa ta kasa jan sinadarin ƙarfe, sai a ga sababbin ganye sun yi rawaya alhali jijiyoyinsu kore ne. In kuwa tsofaffin ganyen ƙasa ne suke yin rawaya gaba ɗaya suna zuba, yawanci yunwa ce, a ƙara taki.

Fure, dashe da ƙwari

Kakakin mala'ika ba ya fure sai gangar jikinsa ta rabu biyu kamar gwafa. Daga wannan gwafa zuwa sama ne furanni suke fita. Wanda ya sare ta da sunan gyara ya mai da hannun agogo baya. Idan zafi ya yi yawa, musamman in dare ma bai yi sanyi ba, yakan zubar da furen tun bai buɗe ba. Wannan ba cuta ba ce, ba kuma taki ne maganinta ba. A ƙasa irin ta Katagum lokacin da ya fi dacewa a sa ran fure shi ne daga ƙarshen damina zuwa cikin sanyi. Sa'ar da aka yi kuwa ita ce sanyin ƙasar nan ba ya kai ƙanƙara, don haka ba a bukatar ɓoye shi a ɗaki kamar yadda ake yi a Turai.

Da reshe ake yaɗa shi. A yanki mai kaurin yatsa, tsawon taƙi guda, a cire ganyen ƙasa, a kafa a jiƙaƙƙen yashi cikin inuwa, ko a tsoma cikin ruwa ana canzawa. Cikin 'yan makonni zai yi saiwa. Reshen da aka yanko daga saman gwafa ya fi saurin fure. Farkon damina shi ne lokacin dashe, don shukar ta yi ƙarfi kafin hunturu.

Babban abokin gabansa a busasshen zafi wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne dangin gizo-gizo, da kyar ido ke ganinsu, suna zama a bayan ganye suna tsotsa har ya yi ɗigo-ɗigo ya koɗe. Akwai kuma farin ƙuda da darɓa. Fesa ruwa da ƙarfi a bayan ganye da safe yana rage su, haka kuma ruwan dakakken 'ya'yan darbejiya da aka jiƙa ya kwana aka tace, a fesa da yamma. Masu noman rani a fadamun Kogin Jama'are su lura da cewa wannan dangi yana ɗaukar cututtukan da farin ƙuda da darɓa ke kaiwa ga tumatir da barkono. Bai kamata a bar zaƙami ko ɗan'uwansa kusa da fangalin kayan miya ba.

Kyan ɗan maciji

Duk abin da aka faɗa a sama hidima ce. Amanar kuwa ga ta. Ganye da fure da iri da saiwa, na kakakin mala'ika da na zaƙami, duk suna ɗauke da sinadarai masu ƙarfi guda uku, atirofin da hayosin da hayosayamin. Likitoci suna amfani da irinsu a ma'auni ƙanƙane, wajen buɗe ƙwayar ido don dubawa, da maganin murɗar ciki, da ceton wanda ya sha wasu magungunan feshi. A jikin shuka kuwa ba ma'auni. Ƙarfin dafin yakan bambanta daga wannan tushe zuwa wancan, daga ganye zuwa iri, daga damina zuwa rani. Abin da wani ya sha jiya ya tashi, shi wani zai sha yau a kai shi kushewa.

Alamun wanda ya ci su ne bushewar baki da ƙishirwa, buɗewar baƙin ido har haske ya dame shi, zafin jiki ba gumi, bugun zuciya da sauri, da riƙewar fitsari. Daga nan sai ruɗewa, ya riƙa sambatu, yana kama abin da ba shi nan, bai gane iyayensa ba. In abin ya yi tsanani sai jijjiga da suma, wani lokaci har rasa rai. Wanda ya farfaɗo sau da yawa ba ya tuna abin da ya faru. Zafin ƙasar nan kuma yana ƙara haɗarin, domin dafin yana hana gumi, gumi kuwa shi ne hanyar da jiki ke sanyaya kansa. Yaron da ya ci shi da bazara yana cikin haɗari biyu.

An sha jin labarin samari marasa tunani da ke zuba 'ya'yan zaƙami cikin zoɓo ko kunu a wurin biki da sunan wasa. Wannan sa guba ne a abincin jama'a, ba shi da wani suna. Amma ko ba da mugun nufi ba, dafin yana shiga abinci. A watan Maris na 2019, a yankin Karamoja na ƙasar Yuganda, wajen mutum 300 suka kwanta, biyar suka rasu, bayan sun sha kunun garin agaji wanda irin wani nau'in zaƙami ya gauraya da waken suyar da aka yi shi da shi. A Disamba ta 2022 kuma kusan mutum 200 suka kamu a Ostireliya saboda ganyensa ya shiga cikin alayyahon da aka kai kasuwa. Tun daga Satumba ta 2022 Tarayyar Turai ta ƙayyade iyakar wannan dafi a cikin gero da dawa da masara da ake sayarwa a ƙasashenta. Manomin gero da riɗi da wake a ƙasar Katagum yana da darasi a nan: a tumɓuke zaƙami daga gona da bakin masussuka tun bai yi 'ya'ya ba, gama ɗa guda yana ɗauke da iri fiye da ɗari, irin kuma yakan yi shekaru a ƙasa bai mutu ba. Dabbobi sukan ƙi shi yana ɗanye, amma in ya bushe cikin harawa sai su haɗa da shi.

Mai kula da kakakin mala'ika ya sa safar hannu in zai yi yanka, ya wanke hannu da sabulu, kada ya murza ido, domin ɗigon ruwansa yakan buɗe ƙwayar ido ta yi kwanaki ba ta koma ba. Rassan da aka yanke a binne su. Ba a sa su a murhu, ba a yin tsinken tsire ko asuwaki da su, ba a zuba wa awaki. Ruwan da aka tsoma reshe a ciki a zubar da shi inda yaro ko kaza ba za su kai ba. Furen da ya faɗo a tsince shi kullum, in ya yi 'ya'ya a cire tun suna ɗanye.

Idan tsautsayi ya auku, asibiti za a nufa nan take, a tafi da ganye ko furen don likita ya gani. Kada a ɓata lokaci wajen ɗura madara ko manja ko tsamiya, kada kuma a tilasta wa wanda ya ruɗe yin amai, gama yana iya shaƙewa. Sambatun da yake yi kan sa a ɗauka iska ce ta taɓa shi, a tsaya neman magani ta wata hanya alhali dafi yana aiki. A cire masa kaya masu nauyi, a shafa masa ruwa, a yi masa fifita, a tsare shi daga rijiya da wuta da hanyar mota, ba duka ba tsawa. Azare tana da babban asibitin Gwamnatin Tarayya, akwai kuma manyan asibitoci a hedkwatocin ƙananan hukumomi. Wani abin sha'awa shi ne makarin da likitocin duniya suka sani na wannan dafi, watau fisostigmin, daga wani wake na ƙasar Kalaba aka fara samo shi a ƙarni na 19. Shi ma waken dafi ne mai kisa, saboda haka aikin likita ne kaɗai.

Wa ya kamata ya dasa?

Gidan da ke da ƙananan yara, da makarantar firamare, da makarantar allo, da harabar asibiti, da bakin titi inda kowa ke wucewa, duk ba wurin wannan shuka ba ne. Mai son ƙanshin dare a tsakar gida yana da lalle da lemun tsami, waɗanda suka saba da zafin ƙasar nan, ba sa kuma bukatar bokiti guda kullum. Kada garin neman gira a rasa ido. Wanda kuwa yake da killataccen lambu mai ƙofa, da wadatar ruwa, da lokacin kulawa, yana iya gwadawa, zai kuwa ga fure irin wanda ba a saba gani ba.

Ya kamata masu sayar da furanni su riƙa gaya wa mai saye gaskiyar abin da ya saya. Ya kamata malaman gona na Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Bauchi su sa maganar zaƙami cikin abin da suke faɗakar da manoma kafin kaka, hukumomin makarantu kuma su duba abin da aka dasa musu da sunan ado. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, waɗanda da ma su ne ke jagorantar aikin gayya na share gari, suna iya sa a tumɓuke na kan juji tun farkon damina, kafin yara su fara wasa da 'ya'yansa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.